Furar Alhamis

Jiya a kasuwar Gwiwa na ga wata ƙwarya mai ɗinki a baki, sai Baffa, ƙanen mahaifina, ya faɗo mini a rai.

Ruwa ne ya ci ɗansa, ba a ga gawa ba. Malamai suka ba shi haƙuri, shi kuwa ya dage 'yan ruwa ne ke riƙe da shi. Kowace Alhamis sai ya ajiye masa fura cikin irin wannan ƙwaryar a bakin rafi, ta sha citta da nono mai tsami.

Ni, ƙato da gemu, ni nake shanyewa in na taso daga gona.

"Ka gani, ja'iri?" yakan ce, yana nuna mini ƙwaryar wayam. "Har lashewa yake yi."

Shekara uku ana haka. Rannan kunya ta kama ni, na wuce ban taɓa ba. Washegari na tarar da shi tsugune, ƙudaje sun rufe furar.

"Yau yaron nan ya rasu," in ji shi.

Bai ƙara cin abin kirki ba. Kafin kaka muka binne shi.

Ni dai har tubana ɓarna ya zama. Allah Ya sada shi da ɗansa, ni kuma Ya yafe mini furar da na sha da wadda na bari.