Ɗan Birin da Aka Rataye a Gonarmu

Wata Juma'a a ƙarshen damina, shekarar da na shiga aji uku, yayana Lawwali ya shigo bukkar gonarmu ta bayan Gatawa riƙe da ɗan biri matacce, yana murmushi. Tarkonsa ne ya kama shi. A lokacin gero ya fara nuna, jajayen birai kuma sun hana mu sakat. Kullum muna kan kunya da gwangwani da majaujawa, ihu har murya ta dushe, rumbunmu kuwa ya kusa ƙarewa.

Lawwali yana ji da kansa, domin shi ya raba gidanmu da shahon da ya addabi 'yan tsakin Inna. Gawo ya hau, ya fasa ƙwai, ya watsar da sheƙar, shaho ya yi ta shawagi, ya gaji ya sauya wuri. Sai ya ɗauka biri ma haka yake, a taɓa ɗansa ya bar wurin. Ya kafa gwafa a tsakiyar gona, ya rataye gawar.

Da kakanmu ya zo ya gani, sai ya nuna uwar ɗan birin da ke gefen gona, ya ce, "Kai yaro, shaho ƙwai shika yi, in ka fasa, shi aza wani. Wagga cikinta tad ɗauko shi, nononta shika sha. Ina za ta?"

Ba ta tafi ba. Ta zauna gindin gwafar, nono na zuba a ƙirjinta, tana miƙa hannu mai yatsu irin namu. Mu jefe ta, ta matsa kaɗan ta dawo. Har gawar ta fara wari tana nan, garken kuma ya ƙi barinta, ya tare a itatuwan gefen gona yana karya zangarniya safe da yamma. Ko da aka sauke gawar ta ɗauke abinta, ɓarna ta riga ta auku. Na tsani idon birinyar nan, kuma na ji tausayinta har na kasa cin tuwo. Abin da muka ɗaure a shekarar bai kai mu bazara ba.

Yau babu mai zuwa gonar. Tun da masu bindiga suka tare dajin muka dawo Sabon Birni, kunyoyin sun shafe, sabara ta cinye wurin. Ina kewar lokacin da biri ne babban abin tsoronmu. An ce biran ma sun bar yankin, don ba wanda ya shuka abin da za su sata.