Goshin Sista a Rumfar Daddawa

Tun da Rilwanu ya dawo daga karatu a Malesiya, ba ya ganin baƙo ya wuce bai tsaya ba. Yau a kasuwar Ƙaura Namoda ga wata 'yar gajeruwar mata riƙe da lema, atamfa a jiki, farin takalmin asibiti a ƙafa. Mahauta na kiranta 'yar China, tana gyara musu da dariya: "'Yar Filifin!" A ƙiyasinsa nas ce, ƙila aure ya kawo ta.

Tana tsaye gaban Inna Kulsumu mai daddawa da takarda a hannu. Daga maganarsu ya gane jikar tsohuwar, Mubaraka, ta samu makarantar ungozoma a Gusau. Yardar kaka ta rage, ita baƙuwar ta zo nema wa yarinyar, kuma gobe za a rufe karɓar ɗalibai.

"Gusau da nisa, hanya ba lahiya," in ji Inna.

Baƙuwar ta rusuna, ta kama hannun tsohuwar ta ɗora a goshinta. Inna ta juya bayan hannu ta ƙara taɓa goshin.

"Sista, babu masassara. Lahiyarki lau."

"Ba ciwo ba ne, Inna. A garinmu haka ake roƙon albarkar manya. Haka na yi wa kakata da zan tafi karatu."

"Ta yarda?"

"Sai da na yi sau uku."

Inna ta goge hannu a zane, ta miƙo shi. "To, saura biyu."