Ranar da Ambo Rappe Ya Ɗora Gidansa a Kan Teku

Ambo Rappe, Allah ya jiƙansa, direban kwale-kwale ne a tsibirinmu na Batulaja. Kullum da safe yakan ɗebi mata masu kai busasshen kifi kasuwa, da jarkokin ruwa, ya haye da su babban gari, kafin la'asar ya dawo da shinkafa da kalanzir da labari. Gajere ne, baƙi, mai dariya da ido. Idan fasinja ya yi amai a jirginsa, sai ya ce, "Ka ciyar da kifi, Allah ya ba ka lada," ya miƙa masa lemon tsami.

Gidansa na katako, mai dogayen ƙafafu, a cikin wannan kwale-kwalen ya zo. Shekara da shekaru yana sayo katako ɗai-ɗai, ya shimfiɗa ƙarƙashin ƙafafun fasinjoji, har ya isa gini. Ranar da aka kafa cibiyar gidan, wato ginshiƙin tsakiya, shi da matarsa Indo Sanneng suka riƙe shi tare, aka ɗaura masa farin ƙyalle a ka. Allah bai ba su haihuwa ba. Gidan suke shafawa da hannu kamar ɗa.

Amma filin na mahaifinsa ne, ba a taɓa raba shi ba. Wata rana wansa Daeng Parani, wanda ya daɗe da komawa birnin Makassar, ya sauko daga jirgi da takalmi mai sheƙi, ya ce ya sayar wa wani mai gina masaukin baƙi.

"Daeng, da ni a ciki ka sayar?" in ji Ambo Rappe.

"Ƙasa na sayar, ba gida ba. Gidan naka ai ƙafafu gare shi, sai ya yi tafiya. Kafin wata ya mutu mutanen za su zo da siminti."

A wajenmu wannan ba sabon abu ba ne. Idan fili ya fita hannu, maza kan taru bayan sallar Juma'a, su ɗaura gora a ƙafafun gida, su ɗaga shi a kafaɗa su kai shi wani wuri. Sai dai Batulaja ba ta da sauran wuri. Teku ta cinye gaɓar yamma har da tsohuwar maƙabarta. Filin da ya rage wa Ambo Rappe da matarsa a duniya shi ne gadon Indo Sanneng a tsibirin Sanrangi, wanda muke hango kwakwarsa daga bakin masallaci, da mashigin ruwa a tsakani.

Puang Lebbi, tsohon magininmu, ya ba Ambo Rappe shawara ya kwance gidan, ya kwashe katako kamar yadda ya kawo su.

"In na kwance, sai na cire cibiya," in ji Ambo Rappe.

"Sai ka cire."

"Puang, kai da bakinka ka ce mana gidan da aka cire cibiyarsa masu shi na da rai ya mutu. Ko an sake harhaɗawa, rumfa ce."

Tsohon ya kalli yamma. Can ya ce, "Na faɗa. Amma dubi tsuntsayen can. Tun shekaranjiya suke tashi ƙasa-ƙasa. Iskar yamma ta kusa, ɗana."

Ambo Rappe ya fi kowa sanin haka. Ya ga ruwan mashigi ya sauya launi, ya yi duhu kamar shayi. Ya ga kaguwa suna hawa tudu da rana tsaka. Duk da haka ya bi gida-gida yana aron gangunan mai da babu komai a ciki, ya ɗaure su da gora ya yi gado mai faɗi, ya ce a kansa gidan zai haye, kwale-kwale biyu suna ja. Idan aka yi masa maganar iska, sai ya ce, "Ai ta san ni, shekara nawa muna gaisawa." Amma ya daina dariya da ido. Indo Sanneng ta ce a kwanakin nan sai ya zauna a ƙofa da abinci a gabansa, yana kallon ruwa, har shinkafar ta huce.

Juma'ar ta zo da zafi marar motsi. Ko ganyen kwakwa bai kaɗa ba. Mata suka dafa ayaba da madarar kwakwa, muka sha, muka shiga ƙarƙashin gidan. Ana ɗagawa ana tsiya.

"Ambo Rappe, me ka ɓoye a ciki ne, inji?"

"Tukwanen matarsa ne! Indo, ko da dutsen niƙa kika bari?"

"Ku ɗaga dai, raggaye," ta ce, "kun cinye min ayaba."

Muka kai shi bakin ruwa, muka ɗora a kan gangunan. Gidan ya yi ƙara sau ɗaya, kamar tsoho ya miƙe, sannan ya zauna.

Al'adarmu ita ce, idan gida yana tafiya, matar gida ce ke zama a ciki ta riƙe cibiya, don kada gidan ya ji an yashe shi. Indo Sanneng ta ɗaure zaninta ta kama tsani. Ambo Rappe ya riƙe hannunta.

"Yau ni zan zauna."

"Kai? Wa zai ja jirgi? Kuma yaushe namiji ya taɓa riƙe cibiya?"

"Tare muka kafa ta, ta san hannuna. Ke shiga jirgi, ki riƙa yi musu faɗa, sun fi jin tsoronki."

Ta dube shi, ta dubi yamma, inda wani siririn baƙin layi ya kwanta a kan ruwa. Ta saki tsanin. Ya miƙa wa wani makullin injinsa, ya hau, ya zauna ya jingina da ginshiƙin. Ya bar taga a buɗe.

Har tsakiyar mashigi lafiya lau. Mun fara hango yara a gaɓar Sanrangi suna ɗaga hannu. Sai sanyi ya taɓa mana wuya. Iskar ba ta yi sallama ba. Ta bugi bangon gidan gaba ɗaya, gidan ya zame mata kamar filafilan jirgi, ya fara jan kwale-kwalen biyu baya, zuwa inda ruwa ke gudu. Igiya ɗaya ta tsinke. Ganga ta kuɓuce, sai wata.

"Ambo! Fito! Faɗo ruwa mu ɗauke ka!"

Ya leƙo ta taga. Ya ga jirgin da matarsa ke ciki ya karkace, ruwa na shiga, sauran igiyar tana jan gindinsa ƙasa. Bai ɗaga murya sosai ba, amma duk mun ji.

"Ku yanke igiyar."

"Fito tukuna!" Indo Sanneng ce, tana tsaye, mutum biyu na riƙe da ita.

"Ina zuwa. Ku yanke."

Aka yanke. Ya juya ciki. Wasu sun ce ƙyallen cibiya ya koma ya kwanto, wasu sun ce ƙofar ce ta cije. Ruwan sama ya sauko ya rufe tsakaninmu. Da ya ɗan ɗaga, babu gida, sai ganguna suna yawo ɗai-ɗai.

Mun neme shi har iska ta hana kowa fita. Ba mu same shi ba. Da damina ta yi nisa, teku ta ajiye ginshiƙin a gaɓar Sanrangi, ba nisa da filin Indo Sanneng, da sauran farin ƙyallen a kansa. Ba ta yarda kowa ya taɓa ba sai Puang Lebbi. Ya kafa shi, aka kewaye shi da ɗaki ɗaya na ganyen kwakwa, a ciki take zaune yanzu.

Masu siminti sun zo a kan lokacinsu. Daeng Parani bai sake sauka a Batulaja ba. Kwale-kwalen yana nan yana kai mata kasuwa, wani ke tuƙawa, kuma har yau idan aka zo tsakiyar mashigi hira takan tsaya. Allah ya jiƙan Ambo Rappe, ya sa ruwan nan ya zame masa wanka.