Turmin Mama da Kunne na Sha Biyu

Ko na tsufa na manta sunana, ba zan manta ranar da turmin acca ya kusa hana unguwarmu ruwa ba.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karatun binciken ƙarƙashin ƙasa, sai kawuna, dattijo a cocinmu a Madakiya, ya yi shela cewa ɗiyarsa ce za ta nuna inda za a haƙa burtsatse. Na zo da malamina da na'ura, ina tafe kamar gwamna.

Aikin ba wuya a baki. A jera ƙananan na'urori sha biyu a ƙasa, muna ce musu kunnuwa, a maka guduma kan faifan ƙarfe. Kowane kunne zai zana layi a kwamfuta, ni kuma in sa alama daidai inda layin ya fara rawa, wato lokacin da girgizar ta fara isowa. Da wannan ake gane zurfin dutse.

Na sa alamomina fes, ko sake dubawa ban yi ba. Lissafi ya ce dutse yana nan kusa, ba ruwa.

"Kawu, sai dai a kai ta hayin rafi," na ce. Matan da ke tsaye suka hau gunaguni, don hayin nan tafiya ce mai karya wuya.

Malamina ya leƙo kwamfutar. "Ke, kunne na sha biyu ya riga na tara jin guduma, alhali ya fi shi nisa. Maye ne?"

Kunya ta rufe ni. Muka bi wayar har ƙarshe, sai ga wata tsohuwa a bayan danga tana surfen acca, tim, tim, taku uku daga kunnen.

"Mama, don Allah ki ɗan tsaya, kina ɓata mana aiki."

"Ni na ɓata? Ku kun buga sau ɗaya kuna haki. Ni tun safe!"

Ba ta ajiye taɓaryar ba sai da na yi alkawarin ƙarasa mata surfen. Muka sake bugawa, layuka suka fito a jere, dutse can ƙasa. A nan aka haƙa, ruwa ya zo. Ni kuwa na kwana uku da kanta a tafin hannu, kawu yana gaya wa kowa a jami'a na koyo daka.

Tun ranar, kafin in yarda da abin da kwamfuta ta nuna mini, sai na ɗaga kai na duba wa ke daka a bayan danga.