Kitsen Tunkiya a Tankin Kawu Yondon

Kuma ai ka san yadda gas yake yi in sanyi ya kai arba'in ƙasa da sifili, ba sai na tsaya ina ba ka labari ba. Ya yi kauri, ya yi fari-fari kamar man shanu a kwano, ka yi ta murɗa makulli har yatsanka ya sage, mota ta ce ba ta san zancen ba. To duk kwarinmu, mutum ɗaya ne motarsa ke tashi a irin wannan safiya: kawuna Yondon, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina shekara shida.

Akori-kura ce shuɗiya, 'yar Koriya, ta girme ni nesa ba kusa ba. Da kuɗin gashin awaki na shekara huɗu ya saye ta. Shi bai yi makaranta ba, a soja ya koyi tuƙi, ya dawo ya ci gaba da bin tumaki kamar ubansa. Da motar nan ya kai masu naƙuda asibiti, ya kwashe tantunan mutane in za a yi ƙaura, ya ɗauki gawa. Ba ya karɓar kuɗi, ko tugrik ɗaya. In ka matsa, ka ba shi cinyar rago.

Asirin motar kananzir ne. Jarka uku ta gas, ɗaya ta kananzir, sannan ludayi guda na baƙin mai. Ludayin ma na matarsa ne, Inna Norjin, na tukunyar shayi, ya sace.

"Kananzir ba ya daskarewa, amma busasshe ne," haka yake ce mini. "Famfon mai kuwa santsi yake so. In ba ki ba shi ba, kansa zai ci. Kin ji, Udwal?"

"Na ji, malamin jami'a."

"Ja'ira. Riƙe mini mazurarin."

Hunturun bara zud ta sauka, masifar sanyin nan mai ƙare dabbobi. Ƙanƙara ta zuba, ta ɗan narke, ta sake daskarewa, ƙasa ta zama kamar gilashi. Tumaki su yi ta tono har kofatonsu ya yi jini, ba su kai ga ciyawa ba. Namu ɗari uku da arba'in ne, har da awaki. Su ne abincinmu, su ne suturarmu, ba mu da wani abu bayansu. Aka ce an kawo ingirici garin gunduma, kilomita saba'in, kowa ya zo ya ɗauki rabonsa. Da me? Gas ɗin hunturu bai iso ba, sai ragowar na bazara, wanda ke daskarewa tun a jarka. Motocin kwari duk suka kwanta. Saura ta Kawu.

Sai ya juya haɗin. Kananzir uku, gas ɗaya, baƙin mai ludayi biyu. Da gas ɗin ya ƙare, kananzir zalla. Motar tana tafiya tana ƙara kamar ana buga gwangwani, ƙarfi ya ragu, amma tana zuwa tana dawowa.

Ga inda ni nake jin haushinsa har yau. Mai mota ba ya fara ɗauko nasa, haka aka saba. Gidan da ya fi tsufa shi ne farko, sai na biye, mai mota a ƙarshe. Ya fara da tsoho Gombo, sai bazawarar da ke gindin dutse, haka dai har gida goma. Kullum ya wuce ta gaban garkenmu da ingirici tsibi guda, tumakinmu suna bin motar suna kuka.

Inna Norjin ta tare shi ranar ta shida. "Baban gida, ka sauke ko dami biyar mana."

"Ba nawa ba ne."

"To su waɗannan na uban waye? Sun fara cin gashin juna, ka gani ko ba ka gani ba?"

"Saura kwana biyar."

"Sarkin kunya! Ka dafa kunyar ka ba su su ci."

Ya shanye shayinsa, ya fita.

Ranar ta goma sha ɗaya ita ce tamu. Da safe ya kifa galan ɗin baƙin mai a ludayi, ɗigo uku suka sauko. A gari ma babu, ya duba tun jiya, an wawashe. Ya tsaya yana kallon ludayin. Sai ya ce, "Udwal, narko mini kitsen wutsiya."

Na yi dariya, na ɗauka wasa ne. Ya ce ba wasa.

Ka san mu da kitsen wutsiyar tunkiya. Jariri shi yake tsotso, leɓe ya tsage shi ake shafawa, sirdi ya bushe shi, ƙofa ta yi ƙara shi. Tun da nake ban taɓa jin abin da ya gagare shi ba. Kawu ya ce ai shi ba ya sandarewa kamar sauran kitse, kuma kananzir zai cinye shi. Ni na ɗora tukunya, ni na tace da tsumma, ni na riƙe mazurari. Ya zuba da zafinsa, ya jijjiga motar. Muka leƙa da tocila, ya haɗe tas.

"Kin gani?" ya ce. "Tunkiya za ta je ta ɗauko wa tunkiya abinci."

Inna ta yayyafa wa tayoyi madara don neman sa'a, muka tafi ni da shi. Har gari lafiya lau. Har waƙa ya yi, da muryarsa kamar ta raƙumi. Muka loda dami tamanin, muka ɗaure, muka juyo wajen tsakar rana.

A kan tudun da ke rabin hanya iska ta canza. Motar ta yi tari sau biyu, ta ja kamar an riƙe mata wuya, ta mutu. Kawu ya ɗaga kujera, da yake injin a ƙarƙashinta yake, ya kwance filta. Fari fat, cike da kitse, kamar an yi miya ta kwana. Bututun ma duk haka.

Ya hura wuta a ƙarƙashin tanki da busasshen kashin shanun da muke yawo da shi. Iska ta kashe. Ya sake. Ya sa filtar a cikin rigarsa, a kan fatar cikinsa, wai ta narke. Ya sa baki a bututu yana zuƙa yana tofarwa, leɓensa ya manne da ƙarfe, ya fizge, fata ta tafi.

Na ce, "Kawu, mu tafi, za mu mutu a nan."

"Ke tafi."

"In tafi in ce wa Inna me? Na bar ka kana shayar da mota?"

Ya kalle ni, jini a haɓarsa ya riga ya daskare. Ya ƙara ɗaure igiyar ingiricin, muka bi sandunan waya da ƙafa. Awa uku kafin mu ga hayaƙin wani tanti. Mutanen ba su san mu ba, suka cire mana takalma, suka ba mu shayi. Kafin dare guguwa ta rufe ko'ina, ko karen gidan ba a gani daga ƙofa.

Kwana biyar muka yi a tantin nan. Kawu yana zaune yana fuskantar ƙofa, in iska ta ɗan lafa ya miƙe, maigidan ya dafa shi ya zaunar.

Rana ta shida aka ara mana doki. Tun daga nesa na hango abu baƙi-baƙi kewaye da motar. Dawakan da guguwa ta koro ne, sun fi talatin, ba mu san ma na waye ba. Sun cinye dami tamanin. Sun ci igiyar. Sun gwagwiyi katakon gefen motar. Biyu sun mutu a nan jikin taya, ciki cike.

Kawu ya sauka, ya tsinci ɗan abin da ya rage a ƙasa, bai cika hularsa ba. Ya sa a aljihu. Ni kuwa na zage dawakan nan tas, har iyayensu.

A gida Inna ta riga ta shigar da tumaki masu sauran numfashi cikin tanti, tana ba su shayi da garin alkama. Sauran suna bayan garke, an jera su kamar itace. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta dai ce, "Ka ci abinci?"

Kada ka ce maƙwabta ba su kyauta ba. Tsoho Gombo da kansa ya jawo dami biyu a kan fata, yana haki. Bazawarar ta aiko da ɗaya. Kowa ya kawo abin da ya iya, alhali nasu ma suna faɗuwa. Dami goma sha huɗu aka tara. Ya yi kwana uku.

Da ƙanƙara ta narke, tumaki sha tara suka rage mana. Akuya ko ɗaya. Yatsun ƙafar Kawu biyu aka yanke. Motar an jawo ta, bakanike ya ce famfon ma ya riga ya cinye kansa tun tafiye-tafiyen farko, ko ba kitse da ƙyar ta ƙara wata guda. Na ɗauka wannan zai sanyaya masa rai. Ko gezau.

Ni yanzu ina birni, ina wanke kwanuka a gidan abinci. Inna tana so su biyo ni, su kafa tanti a bayan gari kamar kowa. Shi ya ƙi. Shekararsa hamsin da tara. Kullum da safe yana ɗingisawa ya kora sha taran nan zuwa kiwo, ya zauna a kan dutse har yamma, kamar wani mai garke. Jiya ya kira ni, wai in tambaya masa kuɗin famfon mota na hannu a kasuwar 'yan gwangwan, hunturu ya kusa, mutane za su buƙaci mota. Na kashe wayar, na shiga bayi na yi kuka na ƙoshi.

Kai faɗa mini, in saya masa ko kada in saya?