Hantar Ragon Layya

Duk safiyar Juma'a kakata takan jera mu a tsakar gidanmu na Kwarbai, ta ɗura wa kowa ludayi guda na jiƙon maɗaci. Wai wankin hanta ne. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai: wace irin dauɗa ce a cikina da sai ɗaci zai fitar?

Da aka yanka ragon layya, na tsuguna na ƙura wa hantarsa ido. Sumul take, har sheƙi take yi.

Na ce, "Iya, shi wa ya ba shi maɗaci?"

Ta ce, "Kin taɓa ganinsa yana lashe maiƙon kasko? Ciyawa da ruwa ya sani."

"To ni ma a ba ni ciyawar mana."

Juma'ar da ta biyo baya, ludayi biyu na sha.