Na Kai Baba Kano a Duba Masa Ƙeya

Gombe

Ana sallame asuba muka bar unguwarmu Bagadaza, ni da Baba, muka nufi tashar Dukku da ke cikin garin Gombe. Da ƙafarsa ya taka, ba sanda, kuma abin da ya rikita danginmu ke nan. Bara jini ya toshe masa a ka, ya yi ta tangaɗi kamar mai jiri. Tafiyar ta dawo, amma mutumin da muka sani bai dawo ba. Baba Bafulatani ne na da, ba ya cin abinci a gaban mutane, kuma ni ɗan farinsa, tun da aka haife ni bai taɓa kama sunana ba. "Kai" nake, ko "wancan". Yanzu kuwa duk abin da ya zo bakinsa sai ya fito.

Wansa, Baffa Sale, ya yanke cewa taɓin hankali ne, zai kai shi ƙauye wurin mai maganin da ke sa wa irinsu mari a ƙafa. Da ƙyar ya yarda in fara kai shi wurin wata likitar ƙwaƙwalwa da aka tura mu gare ta a Kano.

Dukku zuwa Birnin Kudu

Na biya kuɗin mutum uku don Baba ya miƙe ƙafa. Bayan mun wuce Dukku aka tsayar da mu a shinge, wani jami'i ya leƙo ta taga. Baba ya dube shi sama da ƙasa.

"Yaro, tumbin nan naka ai ya fi bindigar nauyi."

Allah ya sa jami'in mai raha ne, ya ce, "Baba, a sa mana albarka." Direba bai daina dariya ba har Darazo, ni kuwa kunya kamar in nutse.

A Birnin Kudu muka tsaya cin abinci. Baba ya zauna a bakin titi, ya ci masa da miya a idon kowa, har da neman ƙari. Na juya baya don kada ya ga fuskata.

Kano

Mun shiga da la'asar, muka sauka gidan wani abokina a Gyaɗi-Gyaɗi. Washegari aka ɗauki hoton kan Baba, sannan muka ga likitar, mace marar gaggawa. Ta sa shi ya taɓa hancinsa da yatsa, ya yi daidai. Ta ce ya jero sunayen dabbobi, sai mutumin da ya girma a tsakiyar garke ya ce saniya, ya tsaya, ya sake cewa saniya.

Ta nuna mini wani tabo a hoton, can ta wajen ƙeya. Ta ce akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa a wurin, wadda aka daɗe ana zaton daidaita tafiya da motsi ne kawai aikinta. Bincike ya nuna tana da hannu a magana da tsara tunani, har da kame kai.

"Yadda take auna wa ƙafa taku, haka take auna wa baki magana," in ji ta. "Mahaifinka ba mahaukaci ba ne, kada ku bari a ɗaure shi. Da atisaye da haƙuri wasu kan samu sauƙi, amma ba zan yi maka alkawari ba."

Sai ta juya ta nuna ni. "Baba, wane ne wannan?"

"Hamidu ne, ɗana na fari. Ran da aka haife shi bayan garke na zagaya na yi kuka, don kada a gan ni."

Na haura shekara arba'in ban taɓa jin sunana a muryar nan ba. Daɗi ya kama ni, tausayinsa ma ya kama ni, don na san da yana da lafiya ba zai faɗa ba.

Komawa gida

Da hantsi muka kamo hanya, Baba na ta barci a kafaɗata. Ana kiran magariba muka shiga Bagadaza, muka tarar da Baffa Sale a ƙofar gida. Na nuna masa hoton, na ɗora yatsa a kan tabon, na maimaita abin da likita ta ce. Ya daɗe yana kallo.

"To, ciwo ne ke nan, kamar karaya," in ji shi. "A bar shi a ɗakinsa."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa likita da mai masaukinmu. Kullum ina roƙa wa Baba cikakkiyar lafiya, ko da yake na san ran da ya warke zan koma "kai". Kafin nan dai, in ya ce, "Hamidu, kawo buta," nakan ɗan yi shiru a zaure, sai ya sake kira sannan in amsa.